Marubucin Da Sunansa Sallama

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Barkanmu da wannan lokaci. Na gida da na kanti, masu tuƙi da masu jiran tuwo ya sauka, ina yi muku sannu.

Da gangan na ja sallamar nan yau. Mutumin da zan ba ku labarinsa, sunansa ke nan. Sholem Aleichem. Ku ƙara kasa kunne. Sholem Aleichem. A bakin Yahudawan gabashin Turai, ma'anarsa aminci ya tabbata a gare ku. Wanda aka yi wa sai ya juya kalmomin ya amsa, ya ce aleichem sholem. Larabci da Ibrananci 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ya sa kunnenku bai ji baƙon abu ba.

Marubuci ne. Ya rasu a 1916. Abu ɗaya nake so ku riƙe daga farkon hirar nan har ƙarshenta. Mutumin nan da kunne ya yi rubutu. Ya saurari talakawan garinsu, ya zuba maganarsu a takarda yadda ta fito daga bakinsu. Da kunne ya yi rubutu. Za mu yi ta komowa kan wannan.

Na sani, da an ce Bayahude, hankalin da yawa daga cikinmu yana tafiya Gabas ta Tsakiya, da abin da muke ji a labarai kullum. Ba zan ɓoye muku komai ba. Mutumin nan ya goyi bayan masu neman Yahudawa su sami ƙasa tasu, har ya halarci babban taronsu a Hague a 1907. Amma ya bar duniya shekara 32 kafin a kafa Isra'ila. Mutanen da ya rubuta labarinsu kuwa teloli ne da masu tallan nono da marayu, a ƙauyukan ƙasar da yau ake kira Yukren, ƙarƙashin sarkin Rasha. Can za mu je yau.

To, mu fara da harshen.

Sunansa Yidish. Ya tsiro a ƙasashen Jamus kusan shekara dubu da suka wuce. Gangar jikinsa Jamusanci ce. Kalmomin addini da na ilmi sun shigo daga Ibrananci. Da masu shi suka yi ƙaura zuwa gabas, sai ya kwashi kalmomin Polan da Yukren da Rasha. Da haruffan Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu. Wanda ya taɓa karatun ajami zai gane yanayin abin: harshen gida, sanye da haruffan littafi mai tsarki.

A ƙidayar da aka yi a daular Rasha a 1897, Yahudawa sun haura miliyan biyar. Kusan dukkansu Yidish suka ce shi ne harshen uwarsu. Haka ma suke kiransa, mame-loshn, wato harshen inna. Amma duk yawan nan bai saya masa daraja ba. Malamin addini da Ibrananci yake rubutu. Ɗan boko mai neman ci gaba da Rashanci ko Jamusanci yake taƙama. Yidish kuwa an bar wa mata da kasuwa da madafa. Masu ilmi ko sunan harshe ba sa ba shi. Jargon suke ce masa, wato gwamutsattsiyar magana. Mutum zai yi mafarki da shi, ya yi faɗa da matarsa da shi, ya yi wa jaririnsa wasa da shi, amma ya ji kunyar a ga sunansa a ƙarƙashin rubutunsa.

Cikin wannan duniyar aka haifi Sholem Rabinovich, a 1859, a garin Pereyaslav. Ya yi ƙuruciya a wani ɗan ƙaramin gari, Voronkiv. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, mai son karatu. Sai jari ya karye. Iyali suka koma Pereyaslav, uban ya buɗe masaukin baƙi. Yaron nan shi ake tsayarwa a ƙofa ya riƙa kiran matafiya su shigo. Yana ɗan shekara 13, annobar kwalara ta ɗauke mahaifiyarsa.

Uban ya sake aure. Ga inda nake so ku matso kusa da rediyo.

Matar uban nan Allah Ya hore mata baki. Tun safe har dare tsinuwa take yi. Ta tsine wa yara, ta tsine wa talauci, ta tsine wa ranar da ta shigo gidan. Wani yaron da kuka zai yi. Wani ya gudu. Shi wannan sai ya sami takarda. Duk tsinuwar da ta fito, ya rubuta. Da suka taru, ya jera su bi da bi a kan haruffa, daga na farko zuwa na ƙarshe, kamar ƙamus. Shi da kansa ya ba da labarin nan a tarihin rayuwarsa. Ya ce ranar da uban ya kama takardar, ya zaci kashinsa ya bushe. Sai uban ya karanta, ya fashe da dariya. Ita ma mai tsinuwar da aka karanta mata, dariya ta yi.

Wannan ƙamus shi ne rubutunsa na farko. Ku dubi abin da yaro ya yi. Maganar da aka jefo don ta yi masa ciwo, ya tsaya ya saurari yadda aka ƙera ta. Ya ji akwai gwaninta a ciki. Kakata ma tana da irin bakin nan, in ta yi maka habaici sai ka kwana biyu kafin ka gane inda ya sauka. Mu dai dariya muka yi, muka wuce. Babu wanda ya ɗauki alƙalami a cikinmu, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shi ya ɗauka.

Mu ci gaba.

Ya gama makarantar gwamnati da sakamako mai kyau. Wani attajiri mai gonaki, Elimelech Loyev, ya ɗauke shi ya koyar da 'yarsa Olga a gida. Kimanin shekara uku yana wannan aiki. Malami da ɗaliba suka kamu da son juna. Da uban ya gano, ya sallame shi. Ya je garin Lubny ya zama limamin gwamnati, wanda aikinsa rubuta haihuwa da aure da mutuwa ne a rajista. A 1883 suka yi aure da Olga, ba da son uban ba. A shekarar nan dai ya fitar da labarinsa na farko da Yidish.

Ya riga ya gwada rubutu da Ibrananci da Rashanci. Da zai rubuta da harshen inna, sai ya ɓuya a bayan wani suna, don kada dangi su gane, musamman mahaifinsa mai girmama Ibrananci. Ya duba, ya ɗauki kalmar da kowa yake faɗa sau goma a rana. Ya ɗauki sallama. Sunan da aka ɗauka don ɓuya, shi ne ya rufe na yanka.

Bayan shekara biyu surukin ya rasu, dukiya ta faɗo hannunsa. Ya koma Kiyef, ya shiga kasuwar hannun jari. Me ya yi da kuɗin? A 1888 da 1889 ya buga manyan kundaye biyu na adabin Yidish. Ya nemi marubutan da ke ɓoye a Ibrananci, ya ce su zo su rubuta da harshen jama'a. Ya biya su kuɗi mai tsoka, irin wanda ba a taɓa biyan mai rubutun Yidish ba. A nan wani marubuci mai suna Peretz ya fara fitowa da Yidish. A nan kuma aka ɗaukaka dattijo Mendele, wanda Sholem Aleichem ya laƙaba wa suna Kaka. Ya ce shi ne kakan adabin, shi kuma jika. Harshen da aka ce ba shi da asali, sai ga shi da kaka da jika. Su ukun nan, Mendele da Peretz da Sholem Aleichem, su ne duwatsun murhun adabin Yidish har gobe.

Akwai wani abu da ya yi a lokacin wanda ban yarda da shi duka ba. Wani marubuci mai suna Shomer yana fitar da littattafan soyayya barkatai, masu arha, mata da 'yan aiki suna rububinsu. Sholem Aleichem ya rubuta ɗan littafi a 1888, ya gurfanar da shi kamar a gaban alƙali, ya yi masa kaca-kaca. Ya ce labaransa na 'ya'yan sarakuna da attajirai ba su da alaƙa da rayuwar mai karanta su. Gaskiya ya faɗa. Amma wa ya koya wa mutanen nan sayen littafi? Shomer ne. Wanda ya tuna cacar bakin da aka yi a kan littattafan soyayya na kasuwar Kano zai gane wannan rigimar. A ganina ya yi tsanani. Masu karatun da Shomer ya tara, su ne daga baya suka zama nasa.

Yanzu ga juyi na farko a rayuwarsa.

A 1890 kasuwa ta juya masa baya. Dukiyar nan kaf ta tafi. Masu bin bashi suka taso, ya bar ƙasar na ɗan lokaci, sai da surukarsa ta biya masa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Daga nan har mutuwarsa bai ƙara zama mai kuɗi ba. Alƙalami ya zama gonarsa, ga iyali mai yawa.

Sai dai ya fito daga kasuwar da wani abu a kunnensa. Ya ji yadda dillalai suke magana. Daga nan ya ƙirƙiro Menakhem-Mendl. Mutum ne da ya bar matarsa da 'ya'ya a ƙauye, ya tafi birni neman arziki. Cinikin biri a sama shi ne sana'arsa. Yau hannun jari, gobe dillancin gidaje, jibi dazuzzukan da bai taɓa gani ba. Har dalilin aure ya gwada. Shi da wani mai dalilin suka ƙulla magana, suka gama komai, ranar haɗuwa aka tarar kowannensu budurwa ya kawo. Duk labarin wasiƙu ne. Shi ya rubuto cewa arziki ya kusa. Matarsa Sheyne-Sheyndl ta mayar masa da amsa, da tsinuwa da karin maganar uwarta, ta ce ya dawo gida yara ba lafiya. Kun ji inda ƙamus ɗin matar uba ya yi rana.

Za ku yi dariya in aka karanta muku. Amma ku tambaya, me ya hana mutumin nan sana'ar kirki? Doka ce. An killace Yahudawan Rasha a wani yanki na yammacin daular. Tun 1882 aka hana su sabon zama a ƙauyuka da sayen gona a can. Birni irin Kiyef sai da takardar izini, 'yan sanda suna bin gidaje da dare suna kamen marasa ita. Wanda aka hana ƙasa, sai ya yi noma a iska. Sholem Aleichem bai tsaya yi maka wannan bayanin ba. Ya bar mutumin ya yi ta zuba, kai kuma ka ji yunwar a ƙarƙashin zubar.

To, jama'a, mun iso kan Tevye. A nan zan ɗan daɗe.

Iyalin marubucin sukan je hutun bazara wani gari kusa da Kiyef, Boyarka. Akwai wani mai kawo musu madara da man shanu da cuku a keken doki. Daga shi aka samo Tevye Mai Madara. Labari na farko an rubuta shi a 1894. Na kusa da ƙarshe a 1914. Shekara ashirin marubuci da mai madara suna tsufa tare.

Ga yadda aka gina labaran. Tevye ya haɗu da Sholem Aleichem a hanya. Ya gaishe shi. Sai ya fara ba shi labarin abin da ya same shi tun rabuwarsu. Daga farko har ƙarshe Tevye ne yake magana. Marubucin bai ce uffan ba. Ya mai da kansa mai sauraro a cikin littafinsa. Na ce muku da kunne ya yi rubutu. Ga shi nan a fili.

Tevye talaka ne, hannu baka hannu ƙwarya. Yana da doki rago, da mata mai suna Golde, da 'ya'ya mata reras. Ba malami ba ne, amma ba ya buɗe baki sai ya jawo aya daga Attaura ko Zabura ko littafin addu'a. Ya jawo ta, ya fassara ta yadda ta dace da halin da yake ciki. Yana hira da Ubangijinsa a kan hanya cikin daji, yana kai ƙara, yana tambaya, amma bai taɓa juya baya ba. Kowa a cikinmu ya san dattijo irin wannan. Yana nan a bakin kasuwa, yana nan a tashar mota.

'Ya'yan nan mata su ne labarin. Ta fari, Tsaytl, an shirya aurar da ita ga mahauci mai kuɗi, wanda ya girme ta nesa. Ta ce ita tela take so, matalauci. Tevye ya yi faɗa, ya haƙura. Har ya ƙirƙiro mafarkin ƙarya don ya shawo kan matarsa. A nan dariya ta fi yawa.

Ta biyu, Hodl, ta so wani ɗalibi ɗan gwagwarmayar juyin juya hali. Aka kama shi, aka tura shi can nesa zaman ɗaurin talala. Ta bi shi. Uban ya raka ta tashar jirgin ƙasa, ya san ba lalle su sake ganawa ba. Da kuka ya zo masa, sai ya karkatar da hirar zuwa wani abu. Dariya ta fara ja baya.

Ta uku, Khave, ta auri saurayi Kirista, ta bar addinin gidansu. Tevye ya yi zaman makokinta tana raye. Ya hana a ambaci sunanta. Wata rana ta tare shi a daji, ta riƙe linzamin doki tana roƙon ya saurare ta. Ya kaɗa doki ya wuce. Yana tafe zuciyarsa tana tambayarsa, me ya sa aka halicci mutane kashi-kashi? Bai sami amsa ba. Marubucin ma bai ba shi ba. Na karanta wurin nan a fassara, na ajiye littafin na jima ban ɗauka ba. Duk uban da ya taɓa tsayawa tsakanin 'yarsa da abin da ya yi imani da shi, ya san nauyin wannan linzamin.

Ta huɗu, Shprintse, ɗan masu kuɗi ya yi mata alkawarin aure. Danginsa suka ɗauke shi, suka zo suna tayin kuɗi. Yarinya ba ta ce komai ba. A kogi aka tsamo ta. Ta biyar, Beylke, ta ga abin da talauci ya yi wa gidansu, ta auri attajirin da ba ta so don uban ya huta. Shi ma attajirin ya karye. Golde ta rasu. Telan nan mijin Tsaytl ya rasu. A ƙarshe takarda ta zo daga hukuma: Bayahude ya tashi daga ƙauyen da aka haife shi, cikin 'yan kwanaki. Yana ɗaure kaya, sai ga Khave ta dawo, ta ce inda za a kore su, da ita za a kora.

Masu sauraro, wannan shi ne littafin da ake kira na ban dariya. Kuma akwai dariyar, wallahi akwai. Amma irin dariyar da ake yi a gidan makoki ce, bayan kwana uku, lokacin da wani ya tuno wani abin da mamacin ya taɓa faɗa. Tevye yana ba da dariya ne don ya iya kai labarin ƙarshe. In ya daina, muryarsa za ta karye.

Su kuwa mutanensa, yaya suka karɓa? Labaran a jaridu suke fitowa. Ranar Juma'a da dare, bayan an ci abincin shiga Asabar, ranar hutunsu, uba ya buɗe jarida ya karanta da ƙarfi, iyali suna kewaye. Wanda bai iya karatu ba ya ji. Abin da aka ɗauko da kunne ya koma kunne. Shi ma marubucin yakan bi gari gari yana karanta labaransa a gaban jama'a, ana tarbarsa a tashar jirgi kamar ango. Tela ya zauna ya ji maganarsa ta yau da kullum tana fitowa daga littafi. Ya gane ashe abin da yake faɗa ya isa a rubuta.

Sai juyi na biyu.

A 1903 aka far wa Yahudawan garin Kishinev, aka kashe mutum 49. Sholem Aleichem ya shiga haɗa littafi don tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Ya rubuta wa Tolstoy, babban marubucin Rasha, shi kuma ya aiko da labarai uku. A watan Oktoba na 1905 abin ya iso Kiyef. Shi da iyalinsa suka fake a otal, suna kallo ta taga ana wawashe gidaje. Bayan wannan ya bar Rasha da zama.

Ya isa Niyok a 1906, aka yi masa gagarumar tarba. Wasanninsa biyu suka hau dandali, ba su karɓu ba. Ya komo Turai da ɓacin rai. A 1908, yana zagayen karatu, ya faɗi a garin Baranovichi yana aman jini. Tarin fuka ne. Daga nan sai jinya, hunturu a Italiya, bazara a Siwizalan ko Jamus. Masoyansa suka yi karo-karo, suka fanso haƙƙin littattafansa daga hannun masu ɗab'i, waɗanda suka saye su da arha lokacin da yake cikin matsi. A kwance yake rubutu. Ko a tsaye, ko a jirgin ƙasa. Bai daina ba.

A shekarun nan ya rubuta labarin Motl, ɗan mai jan addu'a a majami'a. Yaro ne ƙarami, uban ya rasu, an sayar da kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa murna yake yi, don ɗaki ya yi fili, kuma tunda ya zama maraya ba mai dukansa. Yaro yana murna, kai mai karatu kana share hawaye. Wanda ya rasa uwa yana ɗan shekara 13 ne kaɗai zai san wannan lungun na zuciyar maraya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi da iyalinsa a Jamus. Suka tsere Denmak, daga can suka koma Niyok a ƙarshen 1914. Babban ɗansa Misha yana fama da tarin fuka, ba a shiga Amurka da wannan cutar, dole aka bar shi a baya. A 1915 labari ya zo ya rasu. Uban bai ƙara miƙewa ba. Ya sake rubuta wasiyyarsa. Ranar 13 ga Mayu, 1916, ya cika a wani gidan haya a unguwar Bronx, yana da shekara 57. Labarin Motl bai ƙare ba. Tarihin rayuwarsa ma bai ƙare ba.

Mutum sama da dubu ɗari suka fito jana'izarsa. Birnin da ya ƙi wasanninsa, ya cika tituna don raka gawarsa.

Wasiyyar nan, an buga ta a jaridar New York Times, an kuma shigar da ita kundin majalisar dokokin Amurka. Abu biyu zan ɗauko muku daga ciki. Ya ce kada a binne shi cikin manya da masu kuɗi, a sa shi cikin 'yan ƙwadago. Ya kuma ce duk shekara, ranar da ya rasu, 'ya'ya da jikoki da abokai su taru, su zaɓi ɗaya daga labaransa masu ban dariya, su karanta da ƙarfi, da duk harshen da suka fi ganewa.

Da duk harshen da suka fi ganewa. Ku riƙe wannan. Mutumin da ya ba Yidish dukiyarsa da lafiyarsa, ya hango jikokinsa ba lalle su ji shi ba. Kuma haka aka yi. Jikarsa Bel Kaufman ta zama shahararriyar marubuciya, amma da Turanci. Ta rasu a 2014 tana da shekara 103, kuma ta yi ta halartar taron karatun nan har tsufanta.

Abin da bai hango ba ya fi wannan muni. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, masu jin Yidish sun kai kimanin miliyan 11. 'Yan Nazi suka kashe Yahudawa miliyan shida, mafi yawansu masu wannan harshe. Garuruwan da ya rubuta labarinsu aka shafe mutanensu. A Tarayyar Sobiyet, Stalin ya sa aka harbe manyan marubutan Yidish a Mosko ranar 12 ga Agusta, 1952. A Amurka yara suka koma Turanci. A Isra'ila Ibrananci aka zaɓa. Yidish bai mutu ba. Isaac Bashevis Singer ya karɓi kyautar Nobel da shi a 1978, kuma har yau akwai unguwanni a Niyok da Antwerp da Ƙudus inda yara suke tashi da shi. Amma telan Kiyef da mai madarar Boyarka, yadda suke magana, yadda suke tsinuwa, yadda suke lallashi, a littattafan mutumin nan aka fi samunsu yanzu. Ya saurare su tun suna nan.

Saura magana ɗaya, game da fim. A 1964 aka mai da labarin Tevye wasan kiɗa da waƙa a Niyok, mai suna Fiddler on the Roof, wato mai goge a kan rufin ɗaki. An nuna shi sau fiye da dubu uku a jere. A 1971 ya zama fim, ya zaga duniya, har Japan ana yin wasan da harshensu. Na gode wa fim ɗin, don ta hanyarsa miliyoyi suka ji sunan Tevye. Amma an sa masa sukari. Babu labarin Shprintse da kogi. Golde ba ta mutu ba. An ƙare da iyali sun nufi Amurka. Mafi girma, an ɗauke abin da ya sa littafin ya zama littafi: mutum ɗaya yana magana, ɗaya yana sauraro. Wanda ya kalli fim ɗin ya ga Tevye. A littafin ne ake jin sa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Ga roƙona gare ku. In akwai tsohuwa a gidanku mai baki irin na matar uban nan, ko dattijo mai jawo aya da karin magana irin Tevye, ku zauna kusa da su a daren nan. Ku ɗauki biro, ko ku kunna wayarku ta naɗa. Abin da kuka samo, ku aiko mana, za mu karanta shi a wannan fili yadda aka faɗe shi, ba gyara. In kuma 13 ga Mayu ta zagayo, da yardar Allah zan zo muku da labarin Sholem Aleichem guda ɗaya, mu ba da shi da Hausa, tunda shi da kansa ya yarda a yi da harshen da aka fi ganewa.

   Wassalamu alaikum.